Ranar da Na Leƙa Masu Kala

Da sunan Allah. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, ɗana Sahabi, tare da fatan ka sauka Tawa lafiya, jaki bai kayar da kai ba, rana ba ta yi maka yawa a hanya ba. Ka ga na rubuta sunanka. An ce uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, shekara goma sha uku ke nan ina kiran ka "kai yaro" kamar wanda na tsinta a kasuwa, amma ban ji inda anka hana rubutawa ba. Allah ya tsare ka, ya tsare waɗanda ka sauka wurinsu.

To, amsa mini. Kai da anka ce ka fi yaran garinmu Kalfu kai, kai da ka ci jarrabawa har za a ci gaba da kai a birni, ka taɓa tambayar kanka me ya sa kakanka Nomau, uban innarka, shekara biyar bai taka ƙofar gidanmu ba? An haifi ƙannenka biyu, bai zo suna ba. Tsohona ya rasu, ya aiko da gaisuwa, shi bai zo ba. An ce maka sana'a ce ta riƙe shi, ka haɗiye. Mutumin da ya taɓa mallakar garke, ka yarda haka kawai ya bar garinsu ya je ya zauna bakin kasuwar dabbobi yana tufkar igiya? In haka za ka riƙa haɗiye magana a lakwal, makarantar bokon nan, gara ka dawo mu yi noma.

Ni na kore shi, da bakin nan nawa. Tunda yanzu a gidansa za ka kwana, tuwonsa za ka ci, gara ka ji daga gare ni kafin wata tsohuwa ta gaya maka a bakin rijiya, da ƙari.

Ka san ban taɓa zama aji ba ko na yini ɗaya. Shekarar da masu allurar shanu sunka zo, ni ke kama musu ƙaho, sai na shaƙu da wani ma'aikacinsu, Mushe Isufu (haka ake ce wa malamin boko da Faransanci), mutumin Damagaram, mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Shi ya nuna mini baƙaƙen boko a ƙasa da tsinke, ya riƙa jefo mini Faransanci kalma-kalma. Da za su tashi ya bar mini wani littafi marar bango, farkonsa ya yage, ƙarshensa gara ta ci. Damina biyu ina fama da shi. Abin da ya gagare ni sai in tara, in Isufu ya biyo ta garin in tare shi da tambaya tun bai kwance sirdi ba.

A cikin littafin akwai hoton ƙasusuwa an jera: hannun mutum, hannun biri, fiffiken jemage. Tsari ɗaya ne, wani ƙashin ya yi tsawo, wani ya gajarce. Ban yarda ba sai da na kashe jemage na buɗe fiffikensa na ƙirga, yatsu biyar cif. Littafin ya ce masu rai dangin juna ne, sun daɗe suna sauyawa a hankali, wanda jikinsa ya dace da inda yake shi ke rayuwa ya bar baya, wanda bai dace ba ya shuɗe.

Wannan bai firgita ni ba, don manomi ne ni. Kowace kaka muna ware zangarniyar da ta fi cika mu rataye ta iri. Hatsin da kakanninmu sunka riƙa warewa a kan duwatsun Adar shi ne yau yake nuna da ruwa kaɗan. Kawo irin kudu ka shuka nan, ka ga yadda zai tsaya yana kallon ka da ganye har ruwa ya ɗauke. Ko Allah ya yi halittarsa farat ɗaya, ko ya bi da ita sannu-sannu, ikonsa ne, ban isa in zaɓa masa hanya ba, kuma ban taɓa fasa salla saboda hoton ƙashi ba. Na faɗi haka don za ka gamu da karatun nan a lakwal. Wasu za su ce maka kafirci ne, wasu su ce shi ne ƙarshen sani. Saurari kowa, kar ka ba kowa wuyanka.

Kuskurena a wani wurin yake. Na ɗauki abin da littafin ya faɗa a kan ƙashi na ɗora shi a kan zuciya. Na ce ashe mutum dabba ce mai riga, kowa cikinsa yake yi wa aiki, alheri kuma tatsuniya ce da munka shirya don mu ji daɗin kanmu. Kuma ina ganin ina da shaida. Lokacin ana ta hidimar mulkin kai, manya na zuwa da mota su tsaya a dandali, a fiddo atamfa da goro, maroƙi na ta ihu, a kira tsohuwa ta durƙusa gaban jama'a kafin a miƙa mata ƙyalle. Har yau in na tuna sai jinina ya tafasa. Sayen mutum ne da rana tsaka, a ce wai kyauta! Sai na yanke cewa duk mai bayarwa haka yake, wani yana farautar kirari, wani yana farautar lada, kowa dai da abin da ya ɗana wa tarko.

Ka bi mu yankan hatsi kana ƙarami, ka san dokar tsohona: mai yanka ba ya waiwaya. Abin da ya faɗi bayanka ya faɗi. In kuma anka zo gefen gona na wajen ƙorama, sai idonsa ya mutu, ya riƙa tsallake zangarniya manya-manya yana cewa bai gani ba. In an gama ɗaurin dami an fitar da zakka, kwana uku ba wanda zai taka gonar daga gidanmu, ko akuya ba a korawa can. A kwanakin nan masu kala ke zuwa su tsince abin da anka bari. Ba mu san su ba, ba ma tambaya. Zakka liman ya san inda take zuwa. Wannan kuwa Allah kaɗai ya sani.

Na ce wa tsohona ɓarna ce. Ya ce, "Kai dai yanka." Na ce masu kalar nan ragwaye ne, mu ke koya musu lalaci, da za a bar kowa da ƙarfinsa da gari ya gyaru. Ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya dube ni ya ce, "Wanga littahi naka, shi ka ba ka tuwo?" Ƴan gona sunka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta ci ni. Na ƙudura sai na ga masu kala da idona, in ga masu ƙarfi nawa ne a cikinsu, in kawo masa suna.

Rana ta biyu, da azahar ta gabato, lokacin da kowa ke inuwa, na je na kwanta bayan tarin duwatsun iyaka. Mata biyu sunka zo sunka tafi. Na san su, kuma ba mai kunyar Allah da zai kira su ragwaye. Ina shirin tashi sai ga mutum daga wajen ƙorama, farar riga da rawani, yana tafiya a hankali yana duba ƙasa kamar mai bin sawu. Kakanka ne.

A shekarar ciwo ya share masa shanu, tsuntsaye sunka gama da gonarsa. Duk mun sani. Tsohona ya aika masa da dami biyu, ya mayar, ya ce rumbunsa da sauran albarka. Mutumin da rabin garin nan sun sha nonon shanunsa kyauta, yaya zai karɓi hatsi daga gidan da ya ba ɗiya? Ga shi yanzu yana duƙawa, ya ɗauki zangarniya, ya karya ta biyu, ya tura cikin aljihun riga.

Da na yi lamo, da shi ke nan. Sai ƙafata ta ture dutse. Ya ɗago, munka haɗa ido. Suruki da suruki, mu da ba ma cin abinci wuri ɗaya, ni da nake sauya hanya in na hango shi.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Akuyata ta ɓace, ita nika biɗa."

Sahabi, ƙofa ya buɗe mini. Abin da zan ce kawai shi ne, Allah ya bayyana ta, Baba, in juya in tafi. Yaro ɗan shekara bakwai ya san wannan. Amma bakina ya riga hankalina, yadda ya saba. Na ji kaina ina cewa, "Baba, akuya a aljihu?"

Ya sa hannu a aljihu ya riƙa fiddo zangarniyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a ƙasa a tsanake, kai da kai, kamar mai shirin ɗaurin dami. Ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, "A gaida mutanen gida." Ya koma ta inda ya fito.

To ka riƙe wannan. In mutum ya yi ƙaryar da zai rufe jikinsa da ita, kama masa bakin zanen ku rufe tare. A lakwal za a koya maka a auna, a gwada, a gani da ido. Haka ne a kan jemage. Amma mutum in ka laɓe ka leƙa shi don ka gane halinsa, leƙen da ka yi ya riga ya ɓata abin da ka zo gani.

Da abin ya tsaya nan da wataƙila ya warke, tunda mu biyu ne kawai. Bayan kwana huɗu, da la'asar, muna zaune gindin gawo a ƙofar masallaci, gardama ta sarƙe tsakanina da liman, Malam Habu. Shi yana cewa da kunya Allah ya fifita ɗan Adam a kan dabba. Ni ina cewa a bar mutum kwana uku ba tuwo a ga inda kunyar za ta shiga. Ya ce, "Illa, karatun Nasara ya juya maka kai." Ana dariya, ana zuga mu. Da na ga zai kayar da ni, sai na jefa abin da ke hannuna. Na ce, "Malam, bar zancen kunya. Ni da idona na ga mai rawani yana tsintar hatsi a gonarmu kamar zabo."

Masu rawani nawa ne a unguwarmu? Huɗu. Uku suna zaune a wurin.

Na ci gardama. Na daɗe ina gaya wa kaina ai ban ambaci suna ba. Kafin wata ya mutu kakanka ya sayar da ƴan awakin da sunka rage masa, ya ɗora kakarka a jaki, sunka nufi Tawa.

Tsohona bai buge ni ba, na wuce bugu. Ya kira ni bayan rumbu ya ce, "Shekara arba'in ina mantuwa cikin gonag ga, kai ka zo rana guda ka tuna min." Iyakar abin da ya ce ke nan har ya koma ga Allah. Kuma ba kakanka kaɗai na kora ba. Labari ya bazu cewa gonar gidan Arzika, tsohona, ana leƙe. Kaka ta zagayo, munka bar abin da munka saba bari, ba wanda ya zo. Hatsi ya kwanta a gefen ƙorama har tsuntsaye da gara sunka cinye. Matan nan biyu, ban san me sunka ci a shekarar ba. Sai bara na koma bayan kwana ukun na tarar an tsince, na zauna a ƙasa kamar wanda anka sauke wa kaya.

Kai ma bakina gare ka, na sha jin ka da ƙannenka. Ranar da ka ji daɗin gardama ya hau maka kai, kana gab da kayar da abokin magana, tsaya ka duba abin da kake shirin jifa da shi, kar ya zamana mutum ne.

Kuskurena na uku ya fi ba ni haushi, don a nan na zaci na yi hankali. Shekara ta biyu hatsi ya yi kyau. Na ware dami shida, na sami mai raƙumi, na aika Tawa ranar kasuwa, na ce a sauke a ƙofar gidan da kakanka yake. Ina tafiya a gari ƙirjina a buɗe, wai na yi abin kirki. Washegari raƙumi ya dawo da kayansa yadda ya tafi. Mai raƙumin ya tsaya a ƙofar gida yana murmushi, don bai san abin da ya ɗauko ba, ya ce, "Tsoho ya ce a gaya maka akuyar ta dawo."

Na shiga gida ina faɗa, ina cewa girman kai ne zai kashe tsohon nan. Innarka tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Tun da abin ya faru ba ta ce mini uffan a kai ba, sai ran nan. Ta ce, "Maigida, hatsin nan shi ka aika wa, ko kanka?" Na ce wace irin tambaya ce wannan. Ta ce, "Kai ka san karatu. Ni ubana na sani." Ta ci gaba da tankaɗenta.

A nan na gane na zama manyan nan masu mota da nake zagi. Maroƙi kawai na rasa, shi ma raƙumi ya tsaya mini a madadinsa, duk unguwa ta ga dami shida sun sauka a ƙofar mai tufkar igiya.

Da Mushe Isufu ya sake biyowa na kwashe komai na gaya masa. Ranar bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ya ce maka littafin ya ce ka zama kura?" Ya ce ko dabbobi suna taimakon juna, kuma dokar tsohona ma hanyar rayuwa ce: garin da ke barin kala shi ke ƙetare shekarar yunwa da mutanensa, garin da ke share gona tas ya watse, saboda haka masu bari su ne sunka bar jikoki. Na ce, to ashe dai son kai ne ya naɗa rawani. Ya ce, "Kai Illa, kai da taurin kai! Don na gaya maka inda tausayi ya fito, sai ya tashi daga tausayi?"

Na daɗe ina juya maganar nan a bayan jaki. Mai yiwuwa tausayi a jini yake, mun gaje shi yadda munka gaji yatsu biyar. Na ga kaza tana kiran ƴaƴanta ga tsaba ita ba ta ci ba. Na ga saniya tana lasar maraƙin da uwarsa ta mutu. Amma tun ina yaro nake kiwo, ban taɓa ganin dabbar da ta ba ƴar'uwarta abinci sannan ta kau da kai don kar ta ji kunya ba. Ban kuma ga dabbar da yunwa ke ci ta fiddo abinci ta jera a ƙasa ta yi tafiyarta ba. Wannan daga ina? Malam Habu zai ce daga Allah. Isufu zai ce a ba masu bincike lokaci. Wataƙila magana ɗaya suke yi ba su sani ba. Ni ban iya rabewa ba, na kuma daina jin haushin rashin sanin. Abin da na tabbata, na je gona neman dabba a cikin mutum, kuma lalle ranar akwai dabba a gonar, tana kwance bayan duwatsu.

Kar wannan ya sa ka ji tsoron karatu. Karanta komai, tambayi mushe, malaminku, har ya gaji da ganin hannunka a sama. Littafi bai ɓatar da ni ba. Rabi na karanta, gara ta ci sauran, na cika da bakina.

Da sakamakonka ya fito, innarka ce ta aika wa kakanka, ba ni ba. Ya ce a kawo ka, jika ba shi da laifi. Ka sani gidan ba wadata, igiya nawa tsoho zai tufka a yini? Buhun hatsin da ke cikin kayanka, mun ce guzurinka ne, a bar shi a haka. Kar ka miƙa masa, kar ka ajiye a tsakar gida. In kakarka ta fita ɗebo ruwa, ka zuba tiya ɗaya a randar da take ajiye hatsi, ka rufe yadda ka tarar. Ba kullum ba. Za ta gane, ba yarinya ba ce. Ba za ta yi magana ba, kai ma kar ka yi. In ya ba ka abu, ko dabino ɗaya ne, karɓa da hannu biyu ka ci a gabansa. Mutumin da ya saba bayarwa, rashin wanda zai ba ya fi yunwa cin sa. Kuma kar ka kuskura ka gyara masa magana da abin da ka koyo a aji. In ya ce rana ce ke tafiya, bar ta ta tafi.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa wanke rigarka da kanka, kar ka bar wa tsohuwa. Allah ya tsare ka daga zazzaɓi da mugun aboki da motocin birni. Allah ya buɗe maka kai, ya riƙe maka baki, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Saura saƙo ɗaya, shi kam ba a ɓoye za a yi shi ba. A gaban mutane na zubar da mutuncin tsohon nan, a gaban mutane zan zubar da nawa. Ka bari sai ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ka durƙusa ka gaya masa: Lahadin da ke bayan mun gama ɗaurin dami ina zuwa kasuwa, hannuna wofi. Zan cire takalmi tun daga bakin kasuwar dabbobi, in zo in durƙusa gaban igiyoyinsa, in faɗa da ƙarfi, dillalai da mahauta da duk mutumin Kalfu da ya zo cin kasuwa suna ji, cewa ni Illa ɗan Arzika na yi wa surukina rashin kunya, ba shi da laifin komai, bakina ne ya fi hankalina gudu. Ba zan ambaci gona ba, ba zan ambaci hatsi ba. Na roƙi Malam Habu ya biyo ni, tunda a gabansa na yi.

Innarka tana so ta ga ubanta zaune a tabarmar gidanta tun dukansu suna da rai, kuma ni na hana ta. Saboda haka ka gaya masa ba zan karɓi shiru ba, ba zan karɓi saƙo ta bakin wani ba. In zagi ne ya zage ni, in sanda ce ga bayana, in ya yafe ya faɗa a ji. Zan zauna a wurin cikin rana da kashin shanu har kasuwa ta watse, in bai yi magana ba in dawo wata Lahadin. Ya buɗe baki ya amsa mini, mutane na ji.

Mahaifinka,
Illa